Ranar da Na Kashe Kasuwar Jan Kwano da Bakina

Akwai wata magana da ke yawo a cikin danginmu, kuma tunda Allah ya ja kwanana har na ji jikokina suna maimaita ta, gara in gyara ta tun ina iya riƙe biro. Wai Nana, babbar 'yata, ita ce ta dawo daga makarantar koyon aikin lafiya da bokonta ta kashe wa uwarta sana'a. Ba haka aka yi ba. Nana magana kawai ta yi, sau ɗaya, a tsakar gida, kuma ta sha faɗa a kanta. Wadda ta kashe kasuwar ni ce, ni Kulu, da bakina, ranar kasuwa, a gaban tasha cike da mutane. Don haka ku 'ya'yana da jikokina, ku bar wa Nana sunanta, ku ba ni nawa.

Rumfata tana tashar garinmu ne, a bakin kogin Kwara, ba nisa da Lolo, inda mutum zai karya kumallo a Najeriya ya je ya wanke hannu a Benin. Mijina Malam Garba, mahaifinku ku manya, kakanku ku ƙanana, masunci ne, shi ke kawo kifi, ni kuma in yi farfesu in sayar wa direbobi da fatake. Kwanukana duk farare ne, sai guda ɗaya ja, na tasa, mai ɗan tabo a gefe. Wannan jan kwanon shi ya ɗaga ni, kuma asalinsa kuskure ne. Wata rana hannuna ya zarce da barkono da citta a tukunyar kan tarwaɗa, na ƙara tsamiya don in gyara, abu ya ƙara lalacewa. Ina shirin zubarwa sai ga wani direba ya dawo daga ƙetare yana tafiya kamar mai auna faɗin hanya. Can ƙetare ana sayar da burkutu da giyar kwalba a fili, kuma wasu daga cikin namu in sun haura sai su manta da sunan ubansu na 'yan awanni. Na ce bari in rage asara, na zuba masa a jan kwano. Ya kurɓa, ya yi atishawa uku, gumi ya karyo masa, idanunsa suka buɗe tar. Ya miƙe ya shaida wa tasha kaf cewa romon Kulu yana kashe giya. Kafin kasuwa ta zagayo, kuskurena ya zama magani.

Ba a kiran abin da sunansa. Mutum zai zo ya zauna a ƙarshen benci, ya gaishe ni yana kallon wani wuri, ya ce, "Inna Kulu, a sa min a ja." Shi ke nan, na gane, kowa ma ya gane. Abin da ya fi ba ni girman kai shi ne fasinjoji. Mata 'yan kasuwa ba sa shiga motar direban da suka ji ya haura sai sun leƙo rumfata sun tambaya ko ya sha jan kwano. In na ce ya sha, sai su ɗora kayansu da 'ya'yansu su shiga da bisimilla. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Giya haramun ce, ban taɓa musun wannan ba, kuma liman ya sha yi mini gugar zana a wa'azi. Amma ni a raina aikin lada nake yi: ban ba kowa ya sha ba, ni dai ina cire masa ne don bayin Allah su isa Bagudo lafiya. Mahaifinku kuwa in aka tayar da zancen sai ya ce shi kifi ya sani, ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Shekarar da Nana ta gama karatu aka ba ta aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin Bagudo, takan zo gida ƙarshen wata. Wata Juma'a da yamma ina dakan kayan yajin jan kwano, tana gyara mini kifi, sai na shiga yabon kaina kamar yadda na saba. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Inna, wanga romo ba shi kashe giya."

"Mi kinka ce?"

"Ido shika buɗewa. Giyar tana nan cikin jini inda take."

Na ajiye taɓarya. Ta san ni, ta san abin da ajiye taɓarya yake nufi, amma ta ci gaba. Ta zaro hantar wani babban kifi ta ɗora a tafin hannunta ta ce, a jikin mutum wannan ce mai aikin. Duk abin da mutum ya sha sai ya bi ta hanta, ita ke narkar da shi kaɗan-kaɗan, kuma tana da nata lokacin da ba ta canzawa don kowa. Ta ce in tuna injin niƙan Ɗan Ige da ke bayan kasuwa: ko mata hamsin ne a layi, ko zagin mai injin suke yi, kwano ɗaya yake ci a lokaci guda. Ƙaramin kofi na giya yana ɗaukar hanta wajen awa guda, babbar kwalba kuwa awa biyu ko fiye, wani jikin ma ya fi haka jinkiri. Barkono ba ya sa ta sauri. Wanka da ruwan sanyi ba ya sa ta, baƙin shayi ba ya sa ta, amai ma abin da bai riga ya shiga jini ba kawai yake fitarwa. Ta ce gumin da nake gani na yaji ne, kuma mafi munin abin shi ne romona yana sa mutum ya ji kamar ya warware alhali hannunsa da ƙafarsa ba su sami labari ba.

"Wato shekara goma sha ɗaya ƙarya nika saidawa?"

"Ban ce ƙarya ba, Inna. Ba ki sani ba na."

"Ke da anka biya ma makaranta da jan kwanon ga, ke za ki hwaɗa min ban sani ba?"

Na yi mata tas. Na tuna mata goyo, na tuna mata ƙyandar da ta yi, na tuna mata har abin da ban tabbata ya faru ba. Ta wanke hannu ta shiga ɗaki. Washegari ta koma Bagudo, na ba ta soyayyen kifi a leda ba tare da na kalle ta ba. Na ji haushi ƙwarai, kuma yanzu na san dalilin: tun tana maganar wani abu a cikina ya yarda. Daga ranar na rasa sukuni. Duk wanda ya sha jan kwano ya miƙe, maimakon in kalli idonsa kamar da, sai in tsinci kaina ina kallon yatsunsa wajen laluben aljihu, da ƙafarsa wajen taka matakalar mota.

Yanzu sai Labbo. Ku manya kun san shi, ku ƙanana kun san jikokinsa, kuma ban yarda ko ɗayanku ya goranta musu ba, domin mutumin ya tuba tun kafin a haifi yawancinku, kuma shi da kansa ya ce in rubuta. Labbo taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata. Tun muna yara muke wasa: in ƙwace masa hula, ya kira ni baiwarsa a tsakiyar kasuwa, kuma al'ada ta hana ɗayanmu yin fushi. Yana jan wata tsohuwar a-kori-kura da aka yi wa benci a baya, yana ɗaukar mata da kayansu daga garinmu zuwa Bagudo. Direba ne na gaske. Hannunsa ya shahara har ana ba da labari: yakan juye mai daga jarka zuwa kwalba ba mazurari, ɗigo ɗaya ba ya sauka ƙasa. Kowace kasuwa shi ke cika mini kwalaben man gyaɗa yana tsokanata cewa hannun bayi rawa yake yi.

Ranar da nake ba ku labari, kasuwa ce, kamar mako uku bayan zuwan Nana. Labbo ya haura ƙetare da sassafe bikin sunan ɗan wani abokinsa, ya dawo rana ta take tsaka, hularsa ta koma ƙeya, yana gaishe da kowa har da awaki. Motarsa ta riga ta cika. Mata sun kai goma sha biyar, da goyo, da buhunan albasa, da kwandunan ɗanyen kifi na ƙawata Hajo, wadda ke son ta riski kasuwar yamma a Bagudo. Ya zauna a ƙarshen benci ya ce a sa masa a ja. Na zuba, ya sha, ya yi atishawarsa, gumi ya zubo, ido ya buɗe. Hajo ta leƙo daga bakin rumfa.

"Kulu, ya sha?"

A da kalma ɗaya ce amsar. Ranar ban faɗe ta ba. Na ce mata ina zuwa, na jawo jarkar man gyaɗa da kwalba na dire a gabansa.

"Tobashi, cika min kahin ka tahi."

"Baiwa dai ba ta rabuwa da ubangidanta," in ji shi, yana dariya.

Ya ɗaga jarka kamar kullum. Man ya sauka a gefen kwalba, ya bi yatsunsa, ya malala kan benci. Ya gyara, ya sake, ya zuba a kan takalminsa. Ya dubi kwalbar kamar ita ce ta matsa. Fuskarsa fes, maganarsa daidai, amma hannun ba nasa ba ne. Da wannan hannun zai riƙe sitiyari a kan gadar Tuga da goyo huɗu a bayansa, kuma ba don sun yarda da shi matan suka shiga ba, don sun yarda da ni ne. Makullin motar yana nan kan benci kusa da kwano. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗauke shi na ƙulle a bakin zanena na soke.

Da farko tasha ta ɗauka wasan taubasai ne, aka yi ta shewa. Labbo ya biye, ya durƙusa yana roƙon "uwar ɗakinsa" ta yi masa rai. Na sunkuya kamar ina amsa wasan na tambaye shi a hankali guda nawa ya sha. Ya ce ɗaya. Na dube shi. Ya ɗaga yatsu biyu a ɓoye. Na san Labbo tun yana yawo ba wando, in ya ce biyu to uku ne. Na lissafa da yatsuna yadda Nana ta faɗa, daga hantsi da ya ce ya ajiye ta ƙarshe, na ga ba abin da zai yiwu kafin ƙarfe biyar. Na gaya masa. Nan dariyar ta bar fuskarsa.

"Kulu, wasa na, ko? Ba ni makullina."

"Ba ni badawa sai biyat."

"Na sha jan kwano. Kowa ya gani."

Ba shi da halin yi mini tsawa, taubasantaka ta ɗaure masa baki, amma matan ba abin da ya ɗaure nasu. Suka sauko suka cika rumfa. Hajo ce a gaba, ɗankwali a ɗamare, tana tambaya ko rana za ta jira wasanmu, ko kifinta zai jira. Wata ta ce ai ya sha, da idonta ta gani, to me kuma ya rage. Na duba na ga hanya biyu ce kawai. Ko in kwance bakin zane in ba shi, sunan romona ya zauna lafiya, ko in faɗi abin da ba mai saye zai so ji daga bakin mai sayarwa. Wallahi na so kwancewa. Har hannuna ya kai ƙugu. Sai wata yarinya da ke goye a bayan uwarta ta miƙo hannu tana son kwanon, don jan abu yana burge yara. Na ɗauke kwanon na hau kan turmi don kowa ya ji.

"Ku saurara. Romon ga ba shi kashe giya. Bai taɓa kashewa ba. Zuhwa shika sawa, ido ya buɗe, amma abin na nan cikin jini sai hanta ta gama da shi, kuma ita ba a yi mata hanzari. Ni ma ban sani ba, ɗiyata ta hwaɗa min, na zage ta. Ku dubi man ga a ƙasa. Labbo na ya zubar."

Duk suka dubi man. Wannan ya fi duk bayanina aiki, domin babu wadda ba ta san hannun Labbo ba. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce, "To mu da munka shekara muna shiga hwa?" Na ce masa Allah ne ya tsare, ba Kulu ba. Labbo ya cire hula, ya goge fuska, ya nemi tabarma. Na shimfiɗa masa a bayan rumfa ƙarƙashin dogon yaro, na ajiye masa butar ruwa, kafin in juya har ya fara minshari.

Babu wata motar Bagudo da ta rage ranar sai tasa, saboda haka aka zauna. Hajo ta zauna a kan kwandonta ta ba ni baya. Da na ga kifin zai tafi a banza, na hura murhu biyu, na juye sauran man da Labbo bai zubar ba a kasko, na fara fere kifinta ba tare da na nemi izini ba. Ɗaya bayan ɗaya matan suka matso, wannan na wankewa, wannan na barbaɗa gishiri, wannan na juyawa. Kafin la'asar rumfata ta koma gidan biki. Ana suya ana ba da labarin mazajen da aka taɓa kai wa jan kwano a ɓoye, ana dariya har da riƙe ciki, sai na gane ashe rabin matan garin sun taɓa aiko yara da kwanon rufi. Kowace ta wuce ta bayan rumfa sai ta leƙa Labbo ta dawo ta ba da rahoto, kamar masu jiran haihuwa. Wata ta tambaye ni ko a tashe shi a yi masa wanka don abin ya yi sauri. Na ce mata ko a Kwara za a tsoma shi, hanta ba ta san an yi ba.

Bari in gaya muku abin da ya biyo baya tun yanzu, don kada ku ɗauka an yi mini guɗa. Ba a yi ba. Ba wanda ya mutu, ba motar da ta faɗi, saboda haka ba wanda ya ga abin da aka tsallake. Abin da aka gani shi ne Kulu ta ɓata wa mutane yini. Soyayyen kifi bai yi wa Hajo darajar ɗanye ba, masu jiranta a Bagudo suka koma wajen wata, ba ta sake amsa gaisuwata ba sai da Babbar Salla. Direbobin da ke haurawa suka daina zama a bencina, wasu don kunya, wasu don tsoron makullinsu. Wata mata a ɗaya gefen tasha ta sayi jan kwano ta fara nata, ta kuma samu kasuwa na ɗan lokaci. Tukunyata ta koma rabi, shekarar ba mu sauya rufin ɗaki ba, kuma mahaifinku bai ce mini komai ba sai cewa da ma barkonon yana sa shi tari. Nana kuwa da labari ya kai mata, ta zo ta zauna kusa da ni tana gyaran kifi. Ban ba ta haƙuri da baki ba, ba a haife ni da wannan baiwar ba. Na dai zaɓo mata tsakiyar giwan ruwa na sa mata a kwano, ta gane. Ta kuma ƙara mini da cewa lissafin awannin nan mafi ƙaranci ne, wanda ya sha da yawa gara ya haƙura da tuƙi sai gobe.

To, mu koma ranar. Ƙarfe biyar ta wuce kaɗan Labbo ya tashi da kansa, ya wanke fuska, ya tsaya a gabana da hannu a buɗe. Na kalle shi sosai, na sa ya taka har bakin mota ya dawo, sannan na kwance bakin zane. Amma matan suka tsaya cirko-cirko. Na rushe musu abin da suka dogara da shi, ban ba su wani ba, yanzu ba su san da me za su auna ba. Sai na rufe tukunya, na bar wa maƙwabciyata rumfa, na yafa mayafi na buɗe gaban mota na zauna. Ba ni da abin yi a Bagudo, ko kuɗin dawowa ban ɗauka ba.

"In Kulu ta shiga, mu shiga," in ji wata.

Labbo ya ja mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka haye gada lafiya. Sai da fitilun Bagudo suka bayyana ya ce, idonsa a kan hanya, "Baiwa ta yi ma ubangidanta tsirara a kasuwa." Na ce masa ubangidan ne ya kwance wandonsa da kansa. Ya yi dariya kaɗan, daga nan na san zumunci bai mutu ba.

Mun isa ana kiran isha'i, dole na sauka a gidansa, da yake a Bagudo yake zaune, ni kuma ban shirya haɗa ido da Nana ba tukuna. Matarsa Habsu mace ce mai shiru, shekara da shekaru ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Mun tarar da ita tsaye a bakin zaure. Ta bi mijinta da kallo har ya shige, sannan ta kai ni ɗakinta ta kawo ruwa da tuwo. Labari ya riga mu isowa ta waya. Na fara ba ta haƙuri kan tona asirin maigidanta a bainar jama'a, sai ta girgiza kai.

"Yaya Kulu, ni na daɗe da sanin romon ga ba shi komi."

"Kin sani?"

"Ni ka tarbe shi dut ran kasuwa. Ido garau, amma sai ya dahwa bango kahin ya kai ɗaki."

"Shi na ba ki taɓa hwaɗa min ba?"

"Wa za shi saurare ni? Gari dut ya ce shina aiki. Sai dai in tsaya bakin zaure in ta addu'a har in ji ƙarar mota."

Shekara goma sha ɗaya ina karɓar yabo a tasha, ita kuma tana tsaye a bakin zaure. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a kan turmi. Habsu ta turo mini kwanon miya kusa, ta ce in ci kada ya huce. Sannan ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Yau bai dahwa bango ba."